Faranti Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Tsawon zaman Uwar Kwalabe da mijinta, gardama ɗaya tak ta taɓa shan kaye a cikinta, kuma a kan igiyar shanya ce.

Igiyar ta saki, ta yi ciki kamar tsohuwar akuya, har bakin zannuwa yana sharar ƙasa. Wata uku cur tana ce masa ya ɗaure ta. Shi kuwa mutumin, gyaran agogo ne sana'arsa, amma duk layin babu wanda ya kai shi raina lokaci, shi ya sa ake ce masa Sai-Gobe. Ka kai masa agogo matarka tana da ciki, ranar da za ka karɓa yaron ne zai raka ka da ƙafarsa.

Ta ce, "Malam, igiyar nan fa."

Ya ce, "Na gan ta, Kwamanda. Lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau, tana yi wa tsakar gida shara da zanina?"

"Hutawa take yi. Ke dai ba ki yarda abu ya huta ba. Duk abin da kika ja, yana sane da ke. In bai rama yau ba, zai rama gobe."

"Kai dai komai gobe! Ranar da mutuwa ta zo ma ce mata za ka yi ta dawo gobe."

Ta jawo kujera ta hau, ta naɗe bakin igiyar a hannu, ta ja, ta ƙara ja, har in ka taɓa ta sai ta yi ƙara kamar tsirkiya. Ta shanya wankin mako guda, har da farar rigarta ta aiki, ta sauko tana kaɗe hannu tana yi masa kallon "ka gani ko?" An kwana ana ruwa, tsakar gidan duk taɓo ne. Ba ta kai ƙofar ɗaki ba ta ji tas! Igiya ta tsinke, wanki ya kwanta a caɓi.

Sai-Gobe ya ɗago kai daga teburinsa, ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo yana maƙale a idonsa ɗaya. Ya daɗe yana kallon farar rigar, sannan ya ce, "Ashe ba ta ma jira goben ba."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A cewarsa, bai taɓa samun hutu mai daɗin wannan ba.

Sunan Uwar Kwalabe a wurin aiki ta samo shi. Tun tana amarya aka ɗauke ta wankin kwalabe a wani ɗakin bincike, hawa na uku, bayan babban asibiti. Ɗalibai su zo su yi digiri su wuce, ita tana nan gaban famfo da buroshinta, tana yi musu faɗa in sun bar mata kwalba da busasshen datti. Har likitoci sukan rage murya in za su wuce ta ƙofarta. Da aka lura duk kwalbar da ta bi ta hannunta ba ta taɓa yin fumfuna, sai aka koya mata ciyar da ƙwayoyi.

Ƙwayoyin nan su ne ƙananan halittun da aka gina jikin mutum da su, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganin su sai da madubi mai ƙara girman abu. In an yanko ɗan nama daga jikin mutum, ana iya raba su a zuba a faranti mai murfi, a ba su wani ruwa mai launin hoda su riƙa sha, a ajiye su a akwatin ɗumi. Sai su maƙale a gindin farantin, su yi ta haihuwa, ba su ma san an raba su da mai su ba. In ruwan ya fara komawa rawaya, sun ci sun ɓata, sai a canza musu. Aikinta ke nan ranar Litinin, Laraba da Juma'a. Takan ce ta yi renon 'ya'ya uku a gida da dubu ɗari a ofis, kuma na ofis sun fi ladabi.

Shi kuma Sai-Gobe yana da tabo a ƙirji. Wata rana ɗan ƙarfen da yake narka dalma da shi ya suɓuce ya ƙona shi, ciwon bai wuce ƙwayar wake ba. Ya warke, amma tabon ya ƙi tsayawa. Ya yi tudu, ya yi sheƙi, ya miƙa ƙafafu dama da hagu, har ya zama kamar ƙadangare ya kwanta masa a ƙirji. Ga ƙaiƙayi. In yana aiki, hannu ɗaya a agogo, ɗaya a cikin riga.

Ta ce a je a yanke. Ya ce, "A bar shi, Kwamanda, ba ya cin abincina." Ta ce ita da take aiki cikin likitoci ba za a ce mijinta yana yawo da ƙadangare ba. Shekara guda tana yi masa waƙar, safe da yamma, har ya gaji ya bi ta. Shugaban ɗakin bincikensu, wanda yanzu kowa ke ce wa Farfesa, lokacin gashinsa bai yi fari ba, kuma irin wannan tabon yake tarawa don nazari. Aka yanke, aka ɗinke, ta yi ta yawo tana ba maƙwabta labari.

An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Kafin shekara ta zagayo tabon ya dawo, ya ninka na da, ya haura har kusa da wuya.

Farfesa ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ya ce fatar ƙirji ba ta samun hutu, duk numfashin da mutum ya ja sai ta miƙe. Ƙwayoyin da ke cikinta suna jin wannan jan, sai su riƙa fitar da wani furotin mai kama da zare, suna saƙa shi don su ƙarfafa wurin. A jikin yawancin mutane, in ciwo ya rufe sai su daina. A jikin wasu kuwa ba su san a daina ba: ana ja, suna zubawa. Wuƙar da aka sa ta ƙara ɗaure fatar, su kuma suka ƙara himma.

Sai-Gobe ya juyo ya dube ta, ya ce, "Kin ji ko? Igiyar shanya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Da ya zage ta da ta samu abin ramawa. Shirun nan shi ya zauna mata.

Naman da aka yanke bai tafi bola ba. Sai-Gobe ya sa hannu a takarda cewa ya bayar don bincike, yana cewa ai gara ƙadangaren ya samu aikin gwamnati tunda shi bai samu ba. Dokar wurin ita ce a cire sunan mutum a sa lamba, don kada wani ya san na wane ne. To amma wa ya ɗauko kwalbar daga ɗakin tiyata? Wa ya rubuta lambar? Ita ce, da hannunta: arba'in da bakwai. Aka raini ƙwayoyin suka yi yawa, aka zuba su a 'yan kwalabe goma kamar ɗan yatsa, aka sa a tankin sanyi, inda abu yake daskarewa ya yi shekaru bai mutu ba kuma bai rayu ba. Farfesa ya tara irinsu ɗaruruwa, ya manta. Ita ma ta ce wa kanta ta manta.

Bayan shekara biyar ciwon huhu ya kwantar da Sai-Gobe. Ranar ƙarshe, da la'asar, nas ta ce mata ta riƙa ƙirga numfashinsa a minti, in ya ragu ta kira ta. Ta cire agogonsa ta riƙe. Sha biyu. Tabon yana hawa yana sauka a ƙarƙashin riga. Sha biyu. Sannan tara. Sannan biyar. Sannan ta tsaya tana kallon hannun agogon yana zagayawa, tana jiran na gaba. Ya zagaya sau uku kafin ta yarda. Bai ce wa kowa ya dawo gobe ba.

Aka binne shi, ta ɗaura agogon a hannunta, ta koma aiki.

Shekara takwas bayan haka aka kawo Dakta Ƙarama. Yarinya ce siririya, ga ƙwaƙwalwa, ga rawar kai, tana tafiya kamar an biyo ta. Sa'ar autar Uwar Kwalabe ce, shi ya sa take ce mata Mama. Ta zo da wani inji a cikin akwati, aka kafa shi a ɗakin ƙwayoyi. Farantansa daban ne, gindinsu roba ce mai laushi. Ƙwayoyi su maƙale a kan robar, injin ya zuƙe iskar da ke ƙasa, robar ta miƙe, ya saki, ta dawo. Bayan kwana uku a ɗebi ruwan da suke ciki a auna zaren da suka zubar.

Ranar da aka kunna shi Uwar Kwalabe tana tsaye da tire a hannu. Injin ya ja iska, fuuu, ya ɗan tsaya, ya saki, haaa. Ya sake ja. Ba ta san lokacin da idonta ya sauka kan agogo ba. Ta ƙirga. Sha biyu.

Dakta ta ce, "Mama, ya yi kyau ko? Daidai da numfashin mutum na saita shi, don su ji kamar suna ƙirji."

Ta ce, "Ya yi kyau," ta ajiye tiren a hankali.

Mako bai cika ba Dakta ta miƙo mata takarda da lambobi shida, ta ce a ciro su daga tanki. Ta huɗu ita ce arba'in da bakwai. Ta sa safar hannu mai kauri, ta buɗe tankin, farin hayaƙin sanyi ya zubo ya lulluɓe mata ƙafafu. Ga rubutunta nan a jikin 'yar kwalbar, da bakwai ɗinta mai ƙugiya, ko dusashewa bai yi ba. Ta narkar da ita a ruwan ɗumi, ta zuba a faranti. Washegari ta leƙa ta madubi. Sun farka. Sun miƙe, sirara, dogaye, sun jeru gefe da gefe kamar kifaye a ruwa, wata ma tana tsakiyar rabuwa biyu.

Mutumin da aka rufe da ƙasa shekara takwas, ga shi yana haihuwa ranar Laraba da hantsi.

Ta duba dama da hagu, ba kowa. Ta ce a hankali, "Malam, ka tashi lafiya?"

Abin dariyar, wanda ba ta da wanda za ta gaya wa, shi ne arba'in da bakwai ya fi kowa aiki. Da an ja shi sai ya zubo zare ninki huɗu na sauran. Dakta har rawa take yi in ta ga sakamako. Takan ce, "Mama, ko waye mai wannan naman, jarumi ne! Bai san gajiya ba." Uwar Kwalabe takan ce, "Haka ne, 'yata, daga gani ba ya ajiye aikin yau sai gobe," sai ta shige ɗakin wanki ta buɗe famfo da ƙarfi.

Da farko abin ya yi mata daɗi. Ta samu wanda za ta gaisar da safe. Tana canza masa ruwa tana ba shi labari: babbar 'yarsu ta sake haihuwa, mai shagon da ya gaji teburinsa ba ya iya komai, rufin kicin yana yoyo. Amma ita ce kuma mai ɗora farantai a kan inji, ita ce mai danna maɓalli. Fuuu, haaa. Tana cin abincin rana tana jin sa ta bango. Tana cikin mota hanyar gida, injin motar ya koma yi mata shi. Wata Asabar da rana tsaka tana shanya, ta ji sautin a bayanta sarai, har da ɗan kakin nan da yake yi a ƙarshen numfashi. Ta juya, babu kowa sai kujerarsa. Ta duba igiyar da ke hannunta, ta ga ta naɗe ta a tafi tana ja. Ta sake ta kamar ta taɓa wuta.

Abin da ke cin ta ke nan. Yana da rai ta ja shi, ja zuwa kasuwa, ja zuwa aiki, ja har kan teburin tiyata. Ya mutu, kowa ya ce Allah ya ba shi hutu, ga shi ita ɗin dai ce take jan sa sau sha biyu a minti, kuma a kan albashi. Ba ta san ko wanda ke kabari yana jin abin da ake yi wa namansa a hawa na uku ba. Ta rasa wanda za ta tambaya ba tare da an ce ta taɓu ba. In kuwa ta gaya wa Dakta ko na waye, doka ta ce a cire ta daga ɗakin, shi ke nan ta sake rasa shi.

Sai Dakta ta shigo da magani. Wani ruwa ne da take zaton zai hana ƙwayoyin zubar da zare ko da ana jan su. Kowace lamba aka raba farantanta biyu: rabi da magani, rabi babu, duka a kan inji.

Akwai wasu 'yan toshe na roba a cikin aljihun tebur. In aka cusa ɗaya a ƙarƙashin faranti, iska ba ta kama shi, injin ya yi ta numfashinsa robar ba ta motsi. Dakta ta yi amfani da su a farkon aiki, don ta gwada masu hutu da masu wahala, daga baya ta manta da su. Ranar da Uwar Kwalabe ta ɗiga wa arba'in da bakwai magani, ta tsaya da farantin a hannu. A gidan da ta tashi, da gidan da ta riƙe, wanda yake shan magani ba a sa shi aiki. Ko Sai-Gobe, da duk jarabarta, in yana kan magani ba ta taɓa aiken sa ko bakin titi ba. Ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko toshe ta cusa a ƙarƙashin masu maganin.

Ta ce, "Rabinka dai ya huta, Malam. Ɗaya rabin ka yi haƙuri, in na toshe duka za a gane."

Ita ke ɗorawa, ita ke saukewa, Dakta ruwan kawai ake kai mata a 'yan kwalabe. Wa zai sani? Ranar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Wata huɗu tana haka. A sauran lambobin maganin bai yi wani abin kirki ba. A arba'in da bakwai kuwa, zaren ya faɗi warwas. Dakta ta maimaita, ya sake faɗuwa. Ta shigo ɗakin wanki da takarda tana tsalle, ta rungume ta da rigar leda da kumfa da komai.

"Mama, yana aiki! Kuma a kan mafi tsanani yake aiki! Ashe masu mugun tabo shi zai fi yi wa amfani."

Uwar Kwalabe ta ce, "Kai, madalla." Ta ce wa ranta ai takarda ce kawai za a rubuta, a ajiye a kabad kamar sauran. Takardu nawa ta ga an rubuta a ginin nan, ɓera ya ci?

Wannan ba ta tafi kabad ba. Farfesa ya ɗauki zancen, aka fara neman izinin gwada maganin a jikin mutane. Wata Litinin da safe ta fito da tire ta tarar da mata da maza zaune a benci a baranda, sun zo a duba su a rubuta sunayensu. Wata mata mai kamar shekara talatin ta matsa mata ta wuce, mayafinta ya zame. Ga shi nan, daga ƙirji har gindin wuya, mai sheƙi, da ƙafafunsa. Hannun matar ɗaya yana cikin riga tana susa.

Matar ta ce, "Baba, a nan kike aiki? Da gaske ne an samo maganin? Mijina ya ce in bar shi haka, ni na ce ai masu farar riga sun fi shi sani."

Uwar Kwalabe ta dubi farar rigar da ke jikinta. Ta taɓa jin wannan maganar, daga bakinta ta fito.

Ta wuce da tirenta. Ta shiga ɗakin ƙwayoyi, ta buɗe akwatin ɗumi, ta tsaya gaban farantin. Ta san abin da zai biyo baya in ta yi magana: za a kore ta daga ɗakin, kuma za a sake aikin daga farko, a ja shi da gaske, da hannun wanda bai san ko gaisuwa ba. A tanki 'yar kwalba ɗaya ta rage. Ta ce, "Malam, ka ga abin da ka jawo min? Kai da hutunka." Injin ya ja, ya saki. Ta zaro toshen guda shida, ta je ta zube su a kan teburin Dakta.

Dakta ta dube su, ta dube ta. Ta fi minti guda kafin ta gane. Da ta gane sai ta zauna a ƙasa, a kan tayil.

"Wata huɗu, Mama? Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba, 'yata. Mijina ne."

"Wa?"

"Arba'in da bakwai. Jarumin naki."

An yi zama a kanta. An soke gwajin, aka sallami mutanen benci da haƙuri. Dakta ta yi asarar shekara guda ta aikinta, ta daina ce mata Mama, ta koma "Malama". Saboda daɗewarta ba a kore ta ba, aka mayar da ita gaban famfo inda ta fara, aka karɓe mabuɗin ɗakin ƙwayoyi. Ɗalibai suka daina rage murya a ƙofarta.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin wanki da injin. Ta ji ranar da aka buɗe tanki aka ciro kwalbar ƙarshe. Daga nan kullum tana wanki tana jin sa, fuuu, haaa, babu toshe, babu mai ce masa sannu. In an kawo mata kwalaben da aka yi aiki da su, takan gane nasa ta lambar, ta ware su ta wanke da ruwan ɗumi. Aka auna da gaskiya, maganin bai yi komai ba. Arba'in da bakwai ya yi ta zuba zare, da magani da babu.

Amma ƙwayar mutum tana da iyakar haihuwa. Bayan wata bakwai, wata rana da azahar, Dakta ta leƙo ɗakin wanki ta tsaya a bakin ƙofa tana wasa da biro. Ta ce, "Mama." Ta yafito ta da hannu, ta ce, "Zo ki gani."

Ta madubi, sun canza. Sun yi faɗi, sun baje, sun yi nisa da juna, kowace ta shimfiɗe kamar mai shan iska a inuwa. Dakta ta ce sun tsufa. Sun daina rabuwa, kuma mako uku ke nan ana jan su ba sa ƙara komai.

Uwar Kwalabe ta daɗe a kan madubin. Ta ce, "Yauwa. Yanzu na gane shi. Hali zanen dutse."

Dakta ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta: faranti ɗaya ya rage, gobe za a zuba masa ruwan kashe ƙwayoyi, a jefa shi a jar leda tare da sauran shara, a kai wurin ƙonawa.

Uwar Kwalabe ta cire rigar leda, ta goge hannu, ta nufi ofishin Farfesa ba tare da ta nemi iso ba, Dakta tana biye da ita. Ta ce a kashe su, ta yarda, amma a ba ta farantin ta kai shi inda sauran jikin yake.

Farfesa ya cire gilashi. Mutum ne da bai taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe ba, ko a taro ko a gaisuwa. Ya ce, "Malama, bayan ɓarnar da kika yi, har kina da bakin roƙo?"

"Bakin shi kaɗai ya rage min, ranka ya daɗe. Mabuɗin kun karɓe."

"Abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fita sai a jar leda. Mijinki ya sa hannu."

"Ya sa hannu a yi bincike. An yi. Ban ga inda ya sa hannu a ƙona shi da safar hannu da tsumma ba."

Dakta ta sa baki a hankali, ta ce in an kashe su an like farantin babu haɗari ga kowa, kuma shugaba yana da ikon ya sa hannu. Farfesa ya ɗaga mata hannu. Ya juyo da muryar nan tasa ta aji, wadda yake sa ɗalibai barci da ita.

"Ki saurare ni da kyau. Fiye da shekara talatin kina cikinmu, ya kamata ki fi haka. Wannan ba mijinki ba ne. Mijinki ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Abin da ke farantin nan ba shi da ido, ba shi da kunne, ba shi da zuciya. Bai san ki ba, bai san an ja shi ba, bai san an bar shi ba. Ba ya ji, Malama. Ba ya jin komai."

Farantin yana ƙarƙashin ƙasa yanzu, a naɗe cikin farin ƙyalle, wajen ƙafafun mai shi. Ita kuma ta ajiye aiki a ƙarshen wannan shekarar, kuma in ka shiga gidanta za ka sunkuya, don igiyar shanyarta ta saki, ta yi ciki. Takan ce har yau in gida ya yi tsit da rana tana jin numfashin, amma ta daina duba agogo. Waɗanda ke baranda ranar da ta shiga ofishin sun ce Farfesa ya buɗe baki ya rufe, ya laluba aljihu ya ciro biro, ya sa hannu bai ƙara cewa uffan ba. Ita kuwa da za ta rufe masa baki, ba ta ko ɗaga murya ba. Gyara ɗaurin agogon kawai ta yi, ta ce:

"In ba ya ji, ranka ya daɗe, to me kuka shekara biyu kuna aunawa?"